Akwatin Gawar Balbelu

Talata, 3 ga Disamba, da safe

Jiya ma an ci mu. Bakwai da biyu, a filinmu, a gaban mutanenmu. Tun ina budurwa nake bin ƙwallon gora, wadda ake jefawa a buga da sanda, a garin nan, ban taɓa ganin ƙarti suna bugun iska hankali kwance irin na bana ba. Na kashe rediyo kafin zagayen ƙarshe, sai mijina Plinio ya ɗago hannu daga kan gado ya ce in mayar, wai ba a barin ƙungiyarmu Balbelu a tsakiyar hanya. Na mayar, muka ji ƙarshen wulaƙancin tare.

Ƙungiyoyi shida ne, huɗu za su wuce, mu ne na biyar. Saura mako uku a rufe. Duk wanda ya ce mini an gama, sai in tambaye shi yaushe aka naɗa shi annabi.

Da na fita sharar ƙofar gida, na tarar maƙwabcinmu Radhamés kafinta ya riga ya sauko da akwatin daga rufin shagonsa. Ya ɗora shi kan benci a bakin titi, daidai inda tagarmu take kallo, yana shafa masa sabon fenti, fari da kore. Haka unguwar nan take tun kafin a haifi 'yarmu Yocasta. Washegarin ranar da aka fitar da Balbelu daga gasa, da la'asar, magoya bayan Kunamu, abokan hamayyarmu, za su ɗauko akwatin gawa mai launinmu, da ganga, da mata cikin baƙin mayafi suna kukan ƙarya, su zagaya unguwa, su tsaya a ƙofar Plinio su yi masa ta'aziyya. Shi kuma ya fito da bokitin ruwa ya sheƙa musu. Shekarar da aka fitar da Kunamu, mu muke kai wa Radhamés nasa, ja da baƙi. Gaskiya dai ƙofarmu ta fi tasa ganin akwati.

"Komadre," in ji shi, "launin ya yi, ko in ƙara kore?"

Na ce ya tanadi kuɗin fentinsa, ja zai nema kafin Kirsimeti. Shi ya riƙe Yocasta ranar baftisma, shi ya sa muka zama komadre da kompadre, kuma ba na iya zaginsa yadda raina yake so.

Bana akwatin nan ba zai tsaya a ƙofata ba. Na faɗa, ga shi na rubuta. Tun da muka dawo daga asibitin babban birni na sa aka fito da gadon Plinio ɗakin gaba, kusa da taga, kuma ba zan yarda ya buɗe ido ya ga wannan abin a bakin baranda ba. Hanyar hana su guda ɗaya ce, Balbelu su ci wasa. To, su ci.

Mutane sun san ƙafa ce ke damunsa. Haka ya ce in faɗa, haka nake faɗa.

Laraba, 4 ga Disamba, da hantsi

Mun ci, huɗu da uku. Plinio ya sha rabin kofi. Har yanzu muna ciki.

Jumma'a, 6 ga Disamba, da yamma

Radhamés ya zo da kayan wasan domino kamar kowace Jumma'a. Na tare shi a matakala na ce kompadre yana barci. Ban rufe baki ba Plinio ya yi gyaran murya daga bayan labule, da muryar nan da yake yi wa masu lodi tsawa da ita lokacin yana tuƙa jirgin ƙasan ɗaukar rake.

"Wane ne yake warin fenti a ƙofata?"

"Ni ne, kompadre. Ƙafa ce ta hana ka fitowa, ko kunya?"

"Hutar da ita nake yi. So nake in taka rawa sosai ranar jana'izarku."

Suka yi ta yi, ɗaya a baranda, ɗaya a bayan labule. Radhamés ya lissafa masa duk ɗan wasanmu da ya zubar da ƙwallo a makon nan. Plinio ya tuna masa shekarar da mai jifan Kunamu ya bar fili a guje saboda gudawa. Radhamés ya tafi yana dariya har yana dafa ƙofa.

Da na shiga, zufa ta jiƙa matashi. Muryar nan ta cinye masa ƙarfin yini guda. Na riƙe masa roba, na goge masa baki, na ce wannan wace irin wahala ce, mu gaya wa mutum ɗaya mana, ko Radhamés kaɗai. Ya ce a'a. Ya ce ranar da suka sani za su fara yi masa magana ƙasa-ƙasa, su riƙa ba shi gaskiya a kan komai, shi kuwa bai shirya zama mutumin da ake ba gaskiya ba.

Asabar, 7 ga Disamba, da rana

An ci mu. Almánzar ba koci ba ne, mai gadin benci ne. Ko ni da nake zaune a gaban keken ɗinki na ji a rediyo cewa hannun mai jifanmu Mañón ya gaji, amma shi da yake tsaye a gefen fili bai gani ba. Mañón tsoho ne, ya yi mana aiki shekara da shekaru, ba laifinsa ba ne. Ba a barin mutum a kan tudun jifa har a yi masa dariya.

Na daka ayaba da man shanu da soyayyar albasa, yadda Plinio yake so. Ya kalla, ya ce ƙamshin ya ishe shi. Na ci tawa, na ci tasa, don kada a zubar.

Mai allura za ta riƙa zuwa sau biyu yanzu. Na ce ta riƙa shigowa ta baya.

Litinin, 9 ga Disamba, da magariba

Yocasta ta kira daga New York. Ta ce me likita ya ce. Na ce ya ce abin da ya ce. Ashe ta riga ta kira shi da kanta. To, in ta kira shi, ni me take nema a bakina?

Ta sayi tikiti, ranar ashirin ga wata za ta sauka. Yarinyar da ta ce bana ba ta da hutu.

"Mama, rediyo nake ji a bayanki? A wannan halin ƙwallo kike saurare?"

Na ce a wannan halin me take so in saurara, ƙarar firij? Ta fara kuka. Na ce ta yi kukanta ta gama a can, don a gidan nan ba a shigowa da shi. Ta ce ni mace ce mai taurin zuciya. Na ce ta zo wa ubanta da batir masu kyau, na nan ba sa kwana biyu.

Har yanzu muna ciki. Wasa biyu ne tsakaninmu da na huɗu.

Laraba, 11 ga Disamba, da safe

An ɗauke wuta tun zagaye na uku, muka koma ƙaramin rediyo. Muna gaba da ci biyu lokacin da allura ta ɗauke shi, ya yi barci da murmushi a fuska. Ni kaɗai na ji yadda aka tsallakar mana da ƙwallo katanga a zagayen ƙarshe, da mutum biyu a kan zango, inda masu gudu ke tsayawa, ci uku ke nan a bugu ɗaya. Na cusa zane a baki don kada zagin ya tashe shi.

Da gari ya waye, abin da ya fara tambaya ke nan. Na tsaya da kofi a hannu. Kalma ɗaya ce, kuma babu mai ƙaryata ni, ba ya fita, ba ya iya riƙe jarida. Na gaya masa fuskarsa ta ciko. Na gaya masa likita ya ce a koma a Janairu don komai yana tafiya daidai. Amma a kan ƙwallo ban taɓa yi masa ƙarya ba, kuma ba zan fara da tsufana ba. Na ce an ci mu, shida da biyar.

Ya ce, "Na sani, Fema. Da mun ci, da kin tashe ni."

Alhamis, 12 ga Disamba, da rana

An ci mu. Ba zan rubuta komai ba.

Asabar, 14 ga Disamba, da la'asar

Dilcia, matar Radhamés, ta shigo ta ƙofar baya da tukunyar farfesu. Ba ta ƙwanƙwasa ba, don ba ta taɓa ƙwanƙwasawa ba. Ina cikin juya Plinio in canja zanen gado, ba riga a jikinsa, fuskarsa tana bango. Ta ga bayansa. Wanda ya ga bayan nan ba sai an yi masa bayani ba.

Ta ajiye tukunyar a hankali ta koma tsakar gida. Na gama abin da nake yi, na rufe shi, sannan na bi ta. Ta buɗe hannuwa za ta rungume ni, na ce akwai sabulu a hannuna. Na ce ƙafa ce.

Ta ce, "Eh, komadre. Ƙafa ce."

Da ta yi mini gardama da ya fi mini sauƙi. Na roƙe ta kada ta gaya wa kowa, ko mijinta. Ta yi alamar gicciye ta rantse da mahaifiyarta. Na san Dilcia tun muna 'yan mata, magana ba ta taɓa kwana a cikinta ba.

Farfesun ya yi daɗi, an zuba rogo da masara da nama kala uku. Ya sha romo cokali kaɗan, ya ce a gaya wa Kunamu gishirinsu ya yi yawa.

Litinin, 16 ga Disamba, da hantsi

Sun sani.

Mai kantin da ke kwanar layinmu, wanda kullum sai ya tambaye ni ko zan sayi hankici don kuka, yau ya kira ni da cikakken sunana cikin girmamawa ya ce, "Doña Eufemia, Allah ya ƙara ƙarfi," ya zaɓo mini ayaba masu kyau da hannunsa. 'Yan acaba da ke yi mini kukan balbela duk lokacin da na wuce, yau kowa ya sunkuya yana duba tayarsa. Bencin Radhamés babu komai a kai sai ɗigon fenti. An ɗauke akwatin.

Ba zan ɓoye ba, na ji sanyi a raina. Ko an fitar da mu ba za su zo ba. Na kunna wa Budurwa Maryamu kyandir, na ce na gode, amma duk da haka ta duba mana wasan gobe.

Plinio ya tambaya me ya sami rediyon Radhamés, kwana biyu ba ya jin sa, alhali da har kwanon rufinmu yake girgizawa. Na ce ƙila ya lalace. Ya kalle ni ya daɗe, sannan ya ce in buɗe labule kaɗan.

Laraba, 18 ga Disamba, da safe

Mun ci biyu a jere. Mañón ya yi jifa kamar saurayi, ya fitar da mutum tara, ni da Plinio muna ƙirgawa tare. Da aka tashi na fita baranda da murfin tukunya da ludayi na buga son raina. Babu wanda ya leƙo ya ce in yi shiru. Babu wanda ya ce sa'a ce. Wata mata a ƙarshen layi ma har tafa mini ta yi, mace da ta ɗinka wa jikokinta riguna ja da baƙi. Na koma ciki raina a ɓace, ban san dalili ba.

Na ɗauko rigarsa ta Balbelu na rage ta a keke, gefe da gefe da kafaɗa. Na yi ɗinkin ta ciki, ba zai gane ba.

Har yanzu muna ciki.

Jumma'a, 20 ga Disamba, da yamma

Yocasta ta iso. Ta shiga wurinsa da dariya, ta ce Baba ka ga yadda ka yi kyau, ta zuba masa batir a kan gado. Ya ce ta yi ƙiba, abincin Amurka ya karɓe ta. Bayan nan na same ta a bayan gida kusa da tanki, ta cusa tawul a baki. Na miƙa mata wake ta tsince.

Radhamés bai zo da domino ba. Ya aiko Dilcia da lemo.

Jiya an ci mu. Saura wasa biyu, kuma dole mu ci duka. Na ƙarshe da Kunamu ne, a filinmu, ranar Lahadi. Su sun riga sun wuce, ba abin da za su rasa, amma na san su, za su zo da yunwa.

Asabar, 21 ga Disamba, bayan wasa

Mun ci. Har yanzu muna ciki. Gobe.

Litinin, 23 ga Disamba, da asuba

Plinio ne ya tura ni filin wasa. Ya ce kujerarsa ba za ta zauna babu kowa ba a wasan ƙarshe, kuma akwai maganar da yake so in gaya wa Almánzar da baki. Na bar shi da Yocasta da rediyo, na hau acaba.

Na gaya wa Almánzar maganar, da ƙari. Muna baya da ci ɗaya har zagayen ƙarshe. Muka cika zango uku da mutane, an fitar mana da biyu, in aka fitar da na uku an tashi, fili duka a tsaye. Sai yaron da ya shigo bugu ya tsaya da gora a kafaɗa yana kallon ƙwallo ta wuce shi, ko motsi bai yi ba, aka fitar da shi. Da ya kai mata bugu ya kuskure da na yafe masa.

Shi ke nan. Mun fita.

Na hango Radhamés a ɓangarensu. Duk shekara sai ya cire jar hularsa ya kaɗa mana ita har mu bar fili. Jiya muna haɗa ido ya sunkuyar da kai kamar ɓarawo. Na ji kamar in tsallaka in mare shi.

A bakin ƙofar fita wani saurayi da ban sani ba, ba ɗan unguwarmu ba, ya ga rigata ya ce, "Kaka, sai a je a nemo baƙin mayafi." Na wanke shi tas, shi da ƙungiyarsa da wanda ya saya masa hular. Ya rama, na ƙara masa. Rabon da in ji daɗi irin haka tun kafin mu je babban birni.

Da na dawo gida Plinio bai yi maganar wasa ba. Ya ce gobe in yi masa aski, in fito masa da rigarsa, Yocasta ta cika bokiti.

Litinin, da magariba

Na yi masa aski. Rigar ta zauna masa daidai, ya shafa ta ya ce ashe bai rame sosai ba. Ni da Yocasta muka ɗauke shi zuwa kujera mai lilo, muka ajiye shi a bakin ƙofa daga ciki, bokiti a gefen ƙafarsa. Ban iya gaya masa ba. Yocasta tana ta kallona, ina ta kallon titi.

La'asar ta yi. Layinmu shiru, ƙofofi a rufe kamar ana ruwa. Can nesa wasu suka buga gangar Kirsimeti, ya ɗago kai ya gyara wuyan riga, sai gangar ta bi wata hanya. Wani kare ya wuce. Inuwar gidan Radhamés ta tsallako titi ta hau matakalarmu. Ya yi ta zama, ban san inda ya samo ƙarfin ba.

Da fitilun titi suka kama ya ce, "Sun sani."

Na ce ƙila gobe ne, ƙila fentin bai bushe ba.

"Sun binne ni ba ganga, Fema. Ku mayar da ni gado."

Ya juya fuska bango, ya ƙi shan ko ruwa. Mako uku ina roƙon kada akwatin nan ya zo ƙofata. An amsa mini. Ni ce na kunna kyandir na ce na gode.

Talata, 24 ga Disamba, da hantsi

Na tsallaka titi da ɗankwalin barci a kaina. Radhamés yana shago yana goge wata ƙafar tebur da ba ta buƙatar guga. Ya miƙe ya cire hula. Na ce ya mayar da hularsa, ba coci ya shiga ba. Na ce ina akwatin.

Ya ce yana sama. Ya ce komadre ki yi haƙuri, unguwa ta zauna ta yi shawara, kowa ya ga bai dace ba. Ya ce da wane ido zai ɗauki akwatin gawa ya kai ƙofar mutumin da ya girma tare da shi, a irin wannan lokaci.

Na ce, "Wane lokaci? An fitar da Balbelu ko ba a fitar ba?"

Ya ce an fitar.

"Mijina yana da rai ko ba shi da shi?"

Ya duƙar da kai, na ci gaba.

"Jiya ya yi aski ya sa riga ya zauna jiranku har duhu. Kun bar shi da bokiti a gaba. Yau da la'asar ku zo ku yi masa abin da ake yi wa mai rai. Da ganga, da fadan coci na ƙarya, da komai. In kuka rage ko abu ɗaya, ko ka sassauta masa zagi, kada ka sake kirana komadre."

Dilcia ta fito daga ciki tana share ido, ta ce ita kam ba za ta iya kukan ƙarya bana ba. Na ce ta yi na gaske, amma ta ja mayafi ta rufe fuska.

Na dawo na sa Yocasta ta zubar da ruwan jiya ta ɗebo sabo.

Laraba, 25 ga Disamba, da safe

Sun zo.

Tun daga kwanar kanti muka ji ganga. Ban gaya masa ba, don haka yana kwance fuska a bango. Na ga kafaɗarsa ta motsa. Ya ce wace ganga ce wannan. Na ce wasu marasa kunya ne, in yana so in kore su. Ya ce, "Rigata."

Wannan karon baranda muka kai shi. Ban taɓa ganin taro irin na jiya ba, har waɗanda ba su san gora daga muciya ba sun fito. Mutum huɗu ɗauke da akwatin, an ɗaure masa mushen balbelar roba a kai. Temístocles mai aski ya yafa baƙin labule a matsayin fada, yana tsoma tsintsiya a giyar rake yana yayyafa wa jama'a. Ya karanta zunuban mamaciya ɗaya bayan ɗaya, ya ce ta rasu bayan doguwar jinya a hannun wani likita mai suna Almánzar, ta bar marayu da yawa, babbansu ga shi nan zaune. Matan suka kece da kuka. Na Dilcia ya fi na kowa, amma fuskarta a rufe take.

Radhamés ya tako gaban matakala, hula a ƙirji. Na zuba masa ido. Ya ce, "Kompadre, mun zo ta'aziyya. Ba mu yi mamaki ba, amma mun zo."

Plinio ya miƙa hannu ga bokiti, bokiti ya ƙi tashi. Yocasta ta ba shi kofi. Ya ɗiba ya watsa, ruwan ya zuba a gwiwarsa da kan siminti. Ganga ta tsaya. Na ji matan sun yi tsit a bayan mayafi, na ce a raina in wani ya ce "wayyo" sai na kashe shi.

Radhamés ya kalli ruwan a ƙasa ya girgiza kai. "Ka gani? Daga ku har masu jifanku, babu mai kai ƙwallo gida." Ya hau matakala ɗaya, ya hau ta biyu, ya durƙusa ya miƙo sanƙonsa. "Ga shi na matso, ko yanzu ma sai an canja ka?"

Na kama bokitin ta gefe, Yocasta ta kama ta ɗaya gefen, Plinio ya riƙe hannunsa, muka juye wa Radhamés shi duka. Layi ya ɗauka da ihu, ganga ta dawo. Plinio yana dariya har da tari. Ya sa aka matso da akwatin ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, sannan ya ɗaga hannu aka yi shiru. Da muryar jirgin rake ya ce musu Kunamu ba za su kai Janairu ba, ya ce fadansu mashayi ne, ya ce matansu ba su iya kuka ba. Sai ya rufe da abin da yake rufewa da shi kowace shekara.

"Baɗi za ku gani."

Ba wanda ya yi motsi. Radhamés yana tsaye ruwa yana zuba daga haɓarsa, ba a gane wanne ne na bokiti. Ya ce, "Haka ka ce bara." Suka ɗauki akwatinsu suka wuce da kiɗa.

Da muka mayar da shi gado ya ce a ba shi gasasshen alade na jajiberen Kirsimeti. Ya tsotsi fatar ya ajiye. Yocasta ta fita, ya kama hannuna.

"Kin ji ƙarar katakon nan? Na akwatin kifi ne. Ki gaya wa kompadre, nawa kada ya yi shi da wannan. Kuma kada in ga ja, ko a kan ƙusa."

Tun da muka dawo daga babban birni babu wanda ya faɗi abin a gidan nan sai jiya. Na ce ni ba 'yar aiken Kunamu ba ce, in yana da magana da kafinta ya gaya masa da bakinsa ranar Jumma'a in ya zo domino. Ya ce to, Fema. Ya yi barci riƙe da hannuna, rigar a jikinsa, ya hana a cire.

Alhamis, 26 ga Disamba, da yamma

Fada ya zo. Na gaske. Ya yi wa Plinio addu'ar ƙarshe.

Jumma'a, 27 ga Disamba, da safe

Ya cika a daren jiya. Yocasta ta ce bari ta je, na ce a'a, ni aka ba. Na sa baƙar rigata, na tsallaka titi, na kai wa kompadre saƙon akwatin.